Takardar da Kaka Hajjo Ta Shanye

A unguwar Ƙofar Kware, cikin birnin Sakkwato, an yi wata yarinya 'yar shekara tara. Lokacin Turawa ba su daɗe da kafa mulki ba. Mota ma in ta wuce, yara sai su bi ta da gudu har bakin ganuwa.

Yarinyar tana da suna mai kyau, wanda aka yanka mata rago da shi. Amma ba wanda yake kiranta da sunan. Kowa a unguwa Na-gane yake ce mata.

Dalili kuwa, ba ta barin mutum ya kai ƙarshen magana. Da ka buɗe baki sai ta ce, "Na gane," ta ruga. Sauran maganar ita take cike abinta a hanya.

Wata rana innarta, Atika, ta ce, "Tahi gidan Tani ki amso mani da…" Kafin ta ƙarasa, yarinya ta kai zaure. Can sai ga ta da dawa cike da ƙwarya. Ita kuwa Inna daddawa take so. Ranar miya ta yi lami, kowa ya ci tuwo yana hararar Na-gane.

A makarantar allo ma haka take. Malam zai biya mata karatu, tun bai sauke numfashi ba ta ce ta gane. In ya ce ta maimaita, sai ta shiga sosa ƙeya.

Ba wai ba ta da wayo ba ne. Wayo kam akwai shi. Ita dai kunya take ji a ce ba ta san abu ba.

Babanta, Malami, baduku ne. Yana ɗinka takalma da jakunkuna da layu a zauren gidansu. Akwai kuma kakarta Hajjo, mahaifiyar Malami. Kaka Hajjo tsohuwa ce mai kaifin baki. Kunnenta ya yi nauyi, sai an ɗaga murya take ji. Amma in gulmarta ake yi, ko da raɗa ne, tana ji sarai.

Ita da Na-gane kullum cikin tsokanar juna suke. Kaka ta ce mata mai ƙafar sauro. Ita kuma ta ce wa Kaka mai haƙori uku. Duk da haka, in Kaka ta sami ɗan ƙuli-ƙuli, a bakin zane take ƙulle shi ta ajiye wa jikarta.

Da damina ta yi tsakiya, zazzaɓi ya kama Kaka Hajjo. Ta sha jiƙo, ta yi surace, jiki bai yi sauƙi ba. Hankalin Malami ya tashi ƙwarai. Bara irin wannan zazzaɓin ne ya tafi da Inno, ƙawar Kaka, cikin kwana goma.

A lokacin an buɗe wani ɗan ɗakin shan magani a cikin gari. Malami ya roƙi uwarsa ta je. Kaka ta ce ita da maganin Nasara sai dai kallo daga nesa. Ya yi ta roƙo, ya durƙusa, har ya sa maƙwabta baki. Da ƙyar ta yarda, amma da sharaɗi.

"Na ba maganin Nasara kwana ukku," in ji ta. "In sunka cika ban ji sauƙi ba, ko bisa doki kunka aza ni, ba ni komawa. Kuma ba ni ƙara sa shi bakina."

Malami ya san halin uwarsa. In ta faɗi magana, ta zauna ke nan.

Sai dai ga matsala. Ranar dole ya tafi Kware ya ɗauko fatun da aka jeme masa, kuma sai ya kwana biyu. Inna kuwa ba ta fita. Saboda haka ya kira 'yarsa.

"Ɗiyata, ke ta kunnen Kaka yau. Duk abin da malamin asibiti yac ce, ki saurara har shi ƙare, sannan ki…"

"Na gane, Baba."

Malami ya dube ta, ya yi ajiyar zuciya, ya ɗauki sandarsa.

Da hantsi Na-gane ta riƙe hannun Kaka, suka kama hanya a hankali. Ɗakin shan maganin fari ne fat, da rufin kwano. Mutane sun yi layi a gindin wata bishiyar bedi. Wani wari mai hawa kai yana fitowa daga ciki. Kaka ta toshe hanci da mayafi, ta ce wurin da ake neman lafiya bai kamata ya yi irin wannan warin ba.

Malamin asibitin sunansa Malam Siddiƙu. Dogo ne, da farar taguwa da gajeren wando. Yana da wani fensir mai ban mamaki. In zai yi rubutu sai ya lasa bakinsa, rubutun ya fito shuɗi kamar na tawada. Saboda haka kullum akwai ɗigon shuɗi a leɓensa.

Ya taɓa goshin Kaka. Ya duba idonta. Ya sa mata wani ɗan tsinken gilashi a ƙarƙashin harshe don ya auna zafin jiki. Kaka ta tambaya da baki cike ko taunawa ake yi ko tsotsa. Malam Siddiƙu ya yi maza ya zare abinsa.

To, a bangon ɗakin akwai wani abu da Na-gane ba ta taɓa gani ba. Agogon bango ne, babba. Wani ƙarfe mai sheƙi yana reto a cikinsa, ya je dama ya dawo hagu, yana ƙas, ƙas, ƙas. Ba wanda yake tura shi. Na-gane ta saki baki. Ta shiga tunanin ko wani ɗan ƙaramin mutum ne a ciki yake lilo.

Malam Siddiƙu ya lasa fensir, ya yi rubutu a wata 'yar takarda. Da ya ga Kaka ba ta ji sosai, sai ya juya ga yarinyar.

"Na rubuta mata magani ga takardag ga. Ki zagaya bayan ɗaki, akwai taga. Ki miƙa ma Garba takardar, shi ba ki kwalba. Ta sha sau ukku ga yini, da ruwa."

Na-gane ta ji farkon maganar. Ta ji ƙarshenta. Tsakiyar kuwa, wurin taga da Garba da kwalba, agogo ya tafi da ita.

"Kin gane?" in ji Malam Siddiƙu.

"Na gane."

Layi yana da tsawo, shi kuma shi kaɗai ne. Bai ƙara tambaya ba, ya kira na gaba.

Da suka isa gida, Inna ta tambayi ina maganin. Na-gane ta ɗaga takarda da alfahari. Ta ce malam ya ce ya rubuta wa Kaka magani, a sha sau uku a yini da ruwa.

Inna ta juya takardar gaba da baya. Ta ce ita ta ji mijin Tani da ya je, kwalba aka ba shi.

"Kowa da irin ciwonai, Inna," in ji Na-gane. "Na Kaka na rubutu na."

Can cikin ranta wani abu ya ɗan motsa. Kamar dai ta ji an ambaci taga. Amma ta danne shi. Ai ta riga ta ce ta gane, ina za ta sa fuskarta?

Kaka Hajjo kuwa, da aka ɗaga murya aka gaya mata, sai fuskarta ta washe. Tun tana yarinya, in ba ta da lafiya, malam yake yin rubutu a allo, a wanke, ta sha. Wannan abu ne da ta sani.

"Ashe rubutu na," in ji ta. "Shi na kunka tsaya kuna ta ba ni tsoro? Malam ya rubuta magani, a wanke a sha. Mi a baƙo cikin wanga?"

Ta kawo takardar kusa da ido. Ta ce hannun malamin dai ba kyau, kamar kaza ta yi tono. Amma ba komai, ba kallo za a yi ba.

Na-gane ta yi lissafi da yatsu. Sau uku a yini, kwana uku, tara ke nan. Ta ɗauko almakashin Baba, ta yanka takardar gida tara. Ta sa guntu ɗaya a ƙoƙo, ta zuba ruwa, ta cuɗa da yatsa.

Nan take ruwan ya rine, ya koma shuɗi. Kaka ta leƙa, ta gyaɗa kai. Ta ce lalle maganin nan yana da ƙarfi, tun daga launi an gani. Ta yi bisimilla ta shanye. Guntun takardar ya manne a gindin ƙoƙo. Kaka ba ta son ɓarna, sai ta lakato shi ta haɗiye.

Haka aka yi ranar farko. Haka aka yi rana ta biyu.

A rana ta biyun ne Tani maƙwabciya ta shigo gaisuwa. Kaka ta buɗe baki za ta amsa. Tani ta ja da baya tana salati. Harshen Kaka ya yi shuɗi kamar an tsoma shi a marina.

Kafin azahar labari ya zaga unguwa. Mata suka yi ta shigowa duba Hajjo. Kowace ta zo sai ta yi sannu, ta yi sannu, ba ta tashi ba sai ta ga harshen. Da Kaka ta gaji, duk wadda ta yi sallama sai kawai ta zaro mata harshe tun daga nesa, don a huta da zama.

Wata ta ce ciwon ne yake fita ta baki. Wata ta ce haka harshen Turawa yake, shi ya sa ba a jin maganarsu. Na-gane tana tsaye tana yi musu bayani kamar ita ta buɗe asibitin.

Amma zazzaɓi bai san da wannan ba. Kullum ƙaruwa yake yi.

Ran kwana na uku Kaka ta kasa tashi. Jikinta ya yi zafi kamar garwashi, tana ta rawar ɗari cikin bargo. Na-gane ta kawo mata kunu, ta zubar da rabi a kan tabarma saboda sauri. Ta tsaya tana jira a ce mata mai ƙafar sauro. Kaka ba ta ce komai ba.

Wannan shirun ne ya ba yarinyar tsoro. Ba ta taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ta tuna Inno. Ta tuna tagar nan da ta danne a ranta.

Da hantsi Malami ya dawo da ɗaurin fatu a ka. Ya shiga ɗakin uwarsa, ya fito fuska a murtuke. Kaka ta gaya masa da 'yar murya cewa yau kwana uku. Azahar tana yi, ita da maganin Nasara sun rabu har abada.

Ya tambayi ina maganin. Inna ta nuna masa guntaye biyu da suka rage a cikin ƙoƙo.

Malami bai ko sha ruwa ba. Ya kwashi guntayen, ya kama hannun 'yarsa, suka fita. Yana tafe yana faɗa shi kaɗai.

Da suka isa, bai bi layi ba. Ya shiga ya ajiye guntayen a kan tebur.

"Malam, uwata akuya ta, da za ka ba ta takarda ta ci?"

Malam Siddiƙu ya dubi guntayen. Ya dubi Malami. Ya haɗa su wuri ɗaya, ya ga rubutun hannunsa ne. Ya tambayi ina sauran. Malami ya ce suna cikin Hajjo.

Malam Siddiƙu ya dafe kai. Ya ƙwala wa Garba kira. Garba, mai ba da magani a taga, ya shigo da wata kwalba a hannu. Ya ce yau kwana uku ke nan da malam ya sa ya haɗa ta, yana jiran wata tsohuwa da jikarta. Har ƙura ta fara hawa kanta.

"Na hwaɗa ma yarinyag ga ta kai takardar taga," in ji Malam Siddiƙu. "Na tambaye ta, tac ce ta gane."

Idanu duka suka dawo kan Na-gane. Ɗakin ya yi tsit, sai agogo da yake ta ƙas, ƙas, kamar yana ba da shaida.

Tana iya cewa malam bai faɗa ba. Ba wanda ya ji sai ita, tunda Kaka ba ta ji. Amma ta tuna Kaka kwance ba ta ko iya tsokana. Hawaye suka zubo mata.

"Ya hwaɗi, Baba. Ni ta ban ji ba. Agogo nika kallo. Kuma nij ji kunya in ce ban gane ba."

Fushin Malami ya juyo kanta gaba ɗaya. Ya shiga faɗa. Ya ce ko yaron goye ya san takardar asibiti ba magani ba ce. Ya ce duk faɗin Sakkwato ba a taɓa yin mai irin wannan wautar ba.

Malam Siddiƙu ya ɗaga hannu, ya ce a dakata. Wani tunani ya zo masa. Ya fita gindin bedi inda mutane suke layi, Malami da 'yarsa suna biye. Ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa karɓar takarda a wurinsa bai kai ta taga ba.

Da farko ba wanda ya motsa. Can wata mata ta ɗaga hannu a hankali. Ta ce ita ma wankewa ta yi ta sha, yau ta dawo a ƙara mata ne. Wani saurayi ya ce shi a garwashi ya sa tasa ya yi hayaƙi.

Sai wani tsoho mai suna Tambari ya yi tari, ya sa hannu a cikin riga. Ya zaro wata laya ta jar fata, sabuwa, mai kyan ɗinki.

"Ni tawa ga ta nan," in ji shi. "Mako biyu tana wuyana, tarin ko gezau."

Malam Siddiƙu ya tambaye shi wa ya ɗinke masa ita.

"Ga shi nan tsaye bayanka. Malami baduku na. Har cewa yay yi bai taɓa ganin laya mai rubutun Nasara ba, ta yiwu ta hi sauran ƙarhi."

Gindin bedi ya kaure da dariya. Har masu ciwon ciki sai da suka dara suna riƙe da ciki. Malami ya ɗaga kai yana duban ganyen bedi, kamar yau ya fara ganin itace. Faɗan da yake yi ya tsaya nan.

Malam Siddiƙu shi ma ya yi dariya, amma bai daɗe ba. Ya ce laifin ba na yarinya kaɗai ba ne, nasa ya fi yawa. Shi malam ake ce masa, kuma ya ce ya rubuta magani. Duk wanda ya tashi a garin nan, in ya ji haka, wankewa zai yi ya sha.

"Kuma tambayan nan tawa ba ta da amhwani," in ji shi. "Duk wanda kac ce ma ‘ka gane?’ cewa shika yi ya gane. Daga yau ba mai hita nan sai ya maimaita mani abin da nic ce da bakinai."

Ya ce wa Malami Allah ya taimaka, rubutun ba shi da yawa, shuɗin zai wanke. Amma kada a kuma, don abin fensirin ba na ci ba ne. Zazzaɓin shi ne abin tsoro, kuma an riga an yi asarar kwana uku.

Suka koma ciki. Ya zaunar da Na-gane a kan benci, ya juya bayanta ga agogo. Ya ajiye kwalbar a gabanta. Wannan karon a hankali ya yi magana.

Ya ce wannan maganin zazzaɓi ne. Cokali ɗaya za a ba Kaka bayan sallar asuba, ɗaya bayan azahar, ɗaya bayan isha'i. Ta ɗan sa wani abu a ciki tukuna, ko kunu ne. Kwana bakwai za ta yi tana sha, ko da ta ji sauƙi. Kada a ba wani, ko da ciwonsa ya yi kama da nata. A ajiye kwalbar inda yara ba su kaiwa. In ta yi amai, ko ta ji kunnenta yana ƙara, a zo a gaya masa.

Da ya gama, bakin yarinyar ya buɗe da kansa. "Na ga…" Sai ta kama sauran ta haɗiye. Da ƙyar ya wuce, ya fi takarda wuyar haɗiya.

"Malam," in ji ta da 'yar murya, "ban gane ba. Wane cokali? Mu gidanmu ludayi gare mu."

Malam Siddiƙu ya tsaya cak. Ya tambayi girman ludayin. Ta haɗa tafin hannunta biyu ta nuna masa. Ya dubi hannun, ya dubi kwalbar. Ludayi biyu irin wannan, kwalbar ta ƙare.

"Da kin ba ta ludayi guda, da yau muna wata magana," in ji shi. "Magani in yay yi yawa, cuta shika zama. Tambayan nan taki ta tsare ran kakarki."

Ya buɗe akwati, ya ɗauko wani ɗan cokalin ƙarfe ya ba ta. Ya zuba ruwa a ciki, ya nuna mata inda zai tsaya. Sannan ya ce ta maimaita masa duk abin da ya faɗa.

Ta maimaita. Ta manta zancen kunu, ya tuna mata. Ta sake daga farko. A karo na uku ba ta bar ko ɗaya ba.

Sai ya ce Malami ma ya maimaita. Malami ya gyara murya, ya ce asuba, azahar, la'asar.

"Isha'i, Baba," in ji yarinyar.

Malami ya ce ai gwada ta yake yi.

Sun isa gida an gama sallar azahar. Inna ta dama kunu, Kaka ta kurɓi kaɗan. Amma da ta ga kwalba sai ta juya fuska ga bango. Ta ce kwana uku ta bayar, kuma sun cika. Ita ba ta magana biyu. Malami ya yi roƙo, Inna ta yi, Kaka ta rufe ido. Kunnen nan nata ya ƙara nauyi nan take.

Na-gane ta durƙusa a bakin tabarma. Ta kai bakinta daidai kunnen Kaka, ta ɗaga murya. Ta faɗi duk abin da ta yi, da agogo, da taga, da ƙaryar cewa ta gane. Ta roƙi gafara tana kuka.

"Kaka, maganin kib ba kwana ukku. Shi ko maganin bai shigo gidan ga ba sai yanzu. Takarda kis sha. Kwana ukkunai yanzu za su soma."

Can Kaka ta buɗe ido ɗaya.

"Watau kwana ukku takarda nika ci kamar gara?"

"I, Kaka."

Kaka ta yi ta juya maganar a ranta. Ta ga ba ta karya alkawari ba. Ta ce a tashe ta zaune.

Na-gane ta cika ɗan cokali daidai inda aka nuna mata. Kaka ta yi bisimilla ta haɗiye. Nan da nan fuskarta ta tattare wuri ɗaya kamar busasshiyar kuɓewa. Maganin ɗaci ne da shi, ba na wasa ba. Ta kurɓi ruwa, ta yi ta girgiza kai.

"Wallahi takardar ta hi daɗi," in ji ta. "Ke ko mai ƙahwar sauro, tashi ki ba ni wuri."

Na-gane ba ta taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Ta fita tsakar gida tana dariya, hawaye ba su ko bushe ba.

Bayan kwana biyu zafin jiki ya sauka. Ran na huɗu Kaka ta ci tuwo, ta ce ta warke, a zubar da sauran ɗacin nan. Na-gane ta tsaya da cokali a hannu, ta ce malam kwana bakwai ya ce. Kaka ta kira ta da sunaye iri-iri, amma ta sha.

Tani ta shigo ta ce a ɗan sam mata cokali ɗaya, kanta yana ciwo. Na-gane ta ce ta yi haƙuri, wannan na Kaka ne kaɗai, ita ma ta je a duba ta.

Ran na biyar Kaka ta ce tana jin ƙudan zuma a kunnenta. Ta ce a bar mata su, shekara goma rabon kunnen da ya ji wani abu ba tare da an yi masa ihu ba. Duk da haka Na-gane ta je ta gaya wa Malam Siddiƙu. Ya yi mata tambayoyi, ya ce ta yi daidai da ta zo. Ya ce ƙarar za ta tafi in an gama maganin, amma in ta ƙaru a dawo.

A can ta tarar abubuwa sun sake. Kowane mara lafiya sai ya biya abin da aka gaya masa kafin ya fita, kamar a makarantar allo. Garba kuma yana nuna wa kowa cokali. Tsoho Tambari ma ya farke layarsa ya karɓi kwalba, tari ya yi sauƙi. Fatar kuwa ya mayar wa Malami, ya ce ya ajiye don tarihi.

Ranar da kwana bakwai suka cika, Kaka Hajjo ta fito tsakar gida da ƙafarta. Harshenta ya koma ja. Ta zauna a inuwa tana kaɗi, tana gyara wa kowa zama. Malami ya dube ta daga zaure, ya yi hamdala.

Da la'asar Inna ta ɗora tukunya. Ta ce, "Tahi gidan Tani ki amso mani da…" Sai ta yi shiru da gangan, tana kallon 'yarta ta gefen ido.

Yarinya ba ta motsa ba. Ta tsaya tana jira.

"Dawa ko daddawa, Inna?"

"Ko takarda," in ji Kaka daga inuwa. Ashe ta ji.

Tun daga ranar sunan Na-gane ya fara ɓacewa a unguwa, sunanta na yanka ya dawo.

Yara, cewa "ban gane ba" ba abin kunya ba ne. In an ba ku magani, ko an aike ku karɓo na wani, ku saurara har a gama. Ku tambayi yaya ake sha, nawa ake sha, yaushe, kuma har kwana nawa. Sannan ku maimaita wa mai ba da maganin don ya ji ko kun riƙe daidai. Kaka Hajjo ta sha takarda ta tsira, amma ba kowa ne yake irin sa'arta ba.